Idan Aka Sake Kulle Gari, Wa Zai Kai Mai Naƙuda Asibiti?

Maman 'Yan Biyu: Assalamu alaikum mutanen gidan nan. Ku yi haƙuri da tsawon saƙon, kwana uku ke nan ina rubutawa ina gogewa. Tun da aka fara zancen wannan sabuwar koronar, Omikron, har Ingila ta rufe mana ƙofa a farkon watan nan na Disambar 2021, hankalina bai kwanta ba. Ni cutar ba ta ba ni tsoro kamar kullen.

Kun dai tuna ranar 26 ga Maris 2020 da aka rufe jihar Kaduna, ba kasuwa, ba jam'i, ba fita. Ana cikin sati na uku, wajen ƙarfe ɗaya na dare, maƙwabcinmu mai ga-ruwa ya zo yana dukan ƙofa kamar zai ɓalla ta. Matarsa ce, ciki na shida, jini ya ɓalle mata tun ɗan bai sauko ba. Na shiga na tarar da ita durƙushe a kan buhu, ta rungume ƙafar gado. Ta ɗago ta ce mini, "Maman 'Yan Biyu, wannan ba irin naƙudar da na sani ba ce."

Titi wayam, ba Keke ba ɗan acaɓa. Maigidana ya tada mota, ni da ita a baya, kanta a cinyata. Tafiyar da ba ta wuce minti goma sha biyar ba, shinge uku muka tarar. Na farko suka ɗaga mana ba musu. Na biyu suka ce sai ta fito sun gani, wai mutane na yi musu ƙaryar naƙuda. Sai da ɗayansu ya haska zanenta da tocila ya ga yadda ya jiƙe, sannan ya ja katakon nan mai ƙusoshi gefe. A asibitin kuma, ba zan kama suna ba don ba tonon silili na zo yi ba, aka ɗora mata abin awon zafi a goshi, aka ga jikinta da ɗumi, ga numfashi sama-sama. Nan take kowa ya ja da baya. Ma'aikaciya ɗaya ce a ɗakin haihuwa, takunkuminta ma na yadi ne, ɗinkin tela. Aka ajiye mu a benci, wai a jira mai zuwa ya duba ko korona ce. Sau huɗu baiwar Allah nan tana maimaita maganarta. Aka ce mata ai kowace mai naƙuda haka take cewa. Mace mai haihuwa biyar fa.

Sai gab da asuba aka shiga da ita aiki. Mabiyiya ce ta rabu da mahaifa tun ɗan yana ciki. Yaron bai zo da rai ba. Ita da yake da sauran shan ruwanta, an ƙara mata jini leda uku, biyu daga jikin samarin layinmu da muka taso daga barci.

Abin da nake roƙo: kafin a wayi gari da wata sanarwa, mu haɗa sunayen masu mota da za su iya fita da dare, da masu ba da jini, da ɗan asusu. Mu kuma je wa masu unguwanni da hukuma da magana, cewa duk dokar da za a sake kafawa, a rubuta baro-baro cewa mai naƙuda ba ta tsayawa a shinge.

Amaryar Gyallesu: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Anti, ina karantawa ina kuka, ni ga shi watana biyar.

Baban Tasha: Allah ya sa mai ceto ne. Hajiya ki rubuta ni, mota tana Kwangila take kwana. Zan dawo da magana in na sauke fasinja.

Antin Ingila: Yaya, sannu da ƙoƙari. Na tashi daga aikin dare na tarar da saƙonki, barcin ya gudu. Abin da ya tsaya mini a rai ba shingen ba ne, maganar nan ce da ta yi ta faɗa ba wanda ya ji. Shekarata goma sha ɗaya ina aikin jinya a ƙasar nan, kuma wallahi ita ce maganar da baƙaƙen mata ke kuka da ita a nan. Rahoton da ake fitarwa duk shekara kan mutuwar mata wajen haihuwa, na Nuwambar 2021 ya nuna baƙar mace ta ninka farar mace sama da sau huɗu wajen haɗarin rasa rai. A Amurka kusan ninki uku ne. Kuma ba talauci kaɗai ba ne. Serena Williams, 'yar wasan tanis ɗin nan, wa ya kai ta kuɗi da suna? Da ta haihu a 2017, washegari numfashinta ya fara sarƙewa. Ta san jikinta, ta taɓa fama da daskarewar jini, ta ce wa mai jinya a yi mata hoton ƙirji a sa mata maganin tsinka jini. Aka ɗauka maganin kashe raɗaɗi ne ya ruɗa ta. Sai da ta nace aka yi hoton, aka ga gudajin jini a huhunta.

Baƙaƙen matan Amurka sun daɗe da ba wa wannan fafutuka suna. A 1994 wasu daga cikinsu suka haɗu a Chicago suka kira ta adalcin haihuwa, a 1997 aka kafa ƙungiyar SisterSong a kai. Suka ce magana uku ce: mace ta iya haihuwa in tana so, ta iya dakatawa in ba ta so, kuma ta reni abin da ta haifa a wurin da yake da aminci. Lokacin korona su ne suka riƙa tara kuɗi suna haɗa masu ciki da ungozomomi, suna matsa wa asibitoci su bar mai naƙuda ta shiga da mutum ɗaya nata, don an fara hana kowa shiga. Abin da kike son yi ke nan Yaya, sunan ne kawai ba ki sa masa ba.

Malam na Ƙofar Doka: Wa alaikumus salam. Allah ya ba iyayen yaron haƙuri. Maganar mota da jini ina goyon baya ɗari bisa ɗari, ceton rai ne. Amma Hajiya ta Ingila, da girmamawa, kada a shigo mana da kaya a cikin buhun da ba mu kwance ba. Wannan ta biyun da kika faɗa, "ta dakata in ba ta so", mun san inda take zuwa a can. Zubar da ciki ne. Mu nan Zazzau muna da addini muna da tarbiyya. Sannan wane launin fata kuma? Wanda ya haska tocila baƙi ne, wadda ta ajiye ta a benci baƙa ce. A bar Turawa da rigimarsu.

Ɗan Samaru: Allah gafarta Malam, rigimarsu ta daɗe da shigowa ɗakinmu. A watan Afrilun 2020 wasu likitocin Faransa biyu suka zauna a gidan talabijin suna cewa me zai hana a gwada riga-kafi a Afirka, tunda can ba takunkumi ba magani. Sai da shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya, Tedros, ya fito ya ce wannan ragowar tunanin mulkin mallaka ne. Drogba da Eto'o ma sun yi magana. A wannan Afrilun dai aka riƙa fitar da 'yan Afirka daga gidajen haya da otal a Guangzhou ta Sin, har 'yan kasuwarmu suka kwana a titi, kakakin majalisar wakilai na lokacin, Gbajabiamila, ya kira jakadan Sin ya nuna masa bidiyon a wayarsa. Da riga-kafin ya fito kuma fa? Ingila ta fara yi wa mutanenta tun Disambar 2020, mu sai 2 ga Maris 2021 kashin farko ya sauka Abuja, kusan miliyan huɗu, ga mutum sama da miliyan 200. Indiya da Afirka ta Kudu tun Oktobar 2020 suka roƙi a sassauta haƙƙin mallakar fasahar don kowa ya iya haɗawa, aka yi ta jan ƙafa. Abin da suka rage suka turo mana yana gab da lalacewa, a Disambar 2021 aka haƙa rami a Abuja aka binne sama da miliyan ɗaya. Masanan Afirka ta Kudu suka gano Omikron suka faɗa wa duniya, ladansu shi ne aka rufe musu hanya, aka haɗa da mu. In wannan ba launin fata ba ne, Malam, mene ne sunansa?

Malam na Ƙofar Doka: Ɗana, duk na ji, kuma ban musa ba. Amma a cikin abin da ka lissafo wanne ne ya ajiye matar mai ga-ruwa a benci?

Ɗan Samaru: Takunkumin yadin da ke fuskar ma'aikaciyar. Da tana da kayan kariya irin wanda manyan ƙasashe suka saye suka tara, da ba ta ji tsoron taɓa ta ba.

Sista Mai Ritaya: To, ku ɗan tsagaita in sa baki, ni da na yi shekara talatin da biyu ina karɓar haihuwa a garin nan. Ɗan Samaru ka faɗi gaskiya rabi. Na san yaran da ke aiki lokacin, wasu da kuɗinsu suke sayen safar hannu, kuma suna da 'ya'ya a gida. Tsoronsu ba na banza ba ne. Amma in ce muku korona ce ta kawo zama a benci, na yi ƙarya. Bencin ya girmi korona. Ni ma na ajiye mata a kansa, Allah ya yafe mini.

Ku da kuke zaune kusa da jami'a, kun san cewa ɗaya daga cikin manyan binciken da duniya ta dogara da shi kan mutuwar mata wajen haihuwa a nan Zariya aka yi shi? Farfesa Kelsey Harrison, mutumin Ribas, shi da abokan aikinsa suka bi haihuwa 22,774 a asibitin koyarwa daga 1976 zuwa 1979, aka buga a 1985. Abin da suka gano shi ne mutuwar ta fi yawa nesa ba kusa ba a cikin matan da ba su taɓa zuwa awo ba, waɗanda sai abu ya ɓaci ake kawo su, yawanci marasa karatun boko, da yara ƙanana masu cikin fari, da masu haihuwa da yawa. Shekara arba'in ke nan. Ku je ɗakin haihuwa gobe ku duba su wa ake kawowa a galabaice, su ne dai. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya ce mata 512 ke rasuwa a duk haihuwa 100,000, kuma kowa ya san nauyin ya fi karkata Arewa.

Malam, kai kuma ka ce ba launin fata. Haka ne, amma muna da namu ma'aunin. Mace ta shigo da leshi da ƙamshi, mijinta na Turanci, ana ce mata "Hajiya bismillah." Wata ta shigo daga rugar bayan Giwa, Hausarta ma a karye, ƙafarta duk ƙura, sai ka ji "ke, tsaya can." Da ta ce ga abin da take ji sai a ce ƙauyanci ne. Abin da Antin Ingila ke faɗa shi ne wannan: tun kafin mace ta buɗe baki an riga an yanke ko maganarta abar ji ce. Can fata ake dubawa, nan zane da harshe da wanda ka sani.

Maman 'Yan Biyu: Sista, kin taɓa inda ke mini ciwo. A daren nan da maigidana ya kira wani abokinsa likita a waya, cikin minti goma abubuwa suka fara motsi. Har yau ina tambayar kaina me ya sa ba mu kira shi tun farko ba, sai kuma in ce to wadda ba ta da maƙwabci mai abokin likita fa?

Antin Ingila: Sista na gode, kin faɗa fiye da yadda zan iya. Ƙarin abu ɗaya don ku ga yadda abin ke shiga har cikin na'ura. Ɗan abin nan da ake maƙala wa a yatsa don awon iskar jini, an gano a bincike ƙarshen 2020 cewa yana yawan nuna wa mai duhun fata lamba mai kyau alhali iskarsa ta yi ƙasa, don da haske yake aiki kuma galibi a jikin farare aka gwada shi. Irinsa ne ake sayowa a kawo asibitocinmu na gida. Kuma likitocin farko da korona ta kashe a nan kusan duk baƙi ne 'yan ci-rani, har da namu Dakta Alfa Sa'adu, mutumin Pategi, Allah ya jiƙansa.

Malam kuma, Allah gafarta, ban ɓoye ba, a can maganar zubar da ciki tana ciki. Amma matan da suka kafa abin nan ƙorafinsu shi ne an mayar da komai zancen zubar da ciki, alhali su an sha ɗaure wa iyayensu mahaifa ba da saninsu ba, 'ya'yansu kuma na mutuwa a hannun 'yan sanda. Haƙƙin su haihu su ga 'ya'yansu sun girma suke nema. Na ɗauka wannan ba baƙon abu ba ne a Ƙofar Doka.

Malam na Ƙofar Doka: Wannan kam ba baƙo ba ne. Kuma kada a fahimce ni a baibai, ban hana tazara ba. Alƙur'ani ya ambaci shayarwa shekara biyu cikakku, sahabbai sun yi azalu, macen da likita ya ce ciki zai cutar da ita ta huta da yardar mijinta. Sunan ne ba na so. In kuka je gaban mai unguwa da sunan da aka fassaro daga Chicago, kun kashe maganar tun a zaure. Ku ce taimakon masu naƙuda, kowa zai miƙe.

Sista Mai Ritaya: A nan ina bayan Malam. Kuma tunda ya ambaci tazara: lokacin kulle matan da ke zuwa allurar wata uku da yawa ba su samu fitowa ba, wasu kuma sun zo an ce ta ƙare. Ƙarshen shekarar muka ga sakamakon, goyo a baya ciki a gaba. Wannan ma a sa shi cikin abin da za a faɗa wa hukuma, cewa awo da allurar tazara ba abin rufewa ba ne.

Yaro Mai Waya: Ni fa duk wannan riga-kafin da Ɗan Samaru ke kuka ba a ba mu ba, gara da ba a ba mun ba. An ce yana hana haihuwa. Ku kuna maganar adalcin haihuwa kuna kuma neman abin da zai tsayar da ita 😂

Ɗan Samaru: Wa ya ce? Kawo wanda ya ce.

Baba Alhaji: Kai Ɗan Samaru bi shi a hankali, yaron nan ba daga sama ya ɗauko tsoronsa ba. In maye ya manta, uwar ɗa ba ta manta ba. A 1996 ana annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano, yara 200 aka sa cikin gwajin, 11 suka rasu, wasu suka nakasa, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba. Sai 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Wannan tabon na cikin abin da ya sa aka ƙi allurar shan inna a 2003. Amma jikana, ka ji ƙarshen labarin: ƙin da aka yi 'ya'yanmu ne suka shanye, ba na Bature ba. Da sarakuna da malamai suka shiga gaba aka koma karɓa, ga shi a Agustan 2020 an ce cutar ta bar Afirka. Yaran da aka ɗiga wa a baki lokacin, yau su ne ke kawo mana katin suna. Ni na yi allurar korona sau biyu, amaryar ɗana ta yi, ga ta nan da ciki.

Sista Mai Ritaya: Ba ya hana haihuwa, ɗana. Cutar ce ma ta fi tsananta wa mai ciki.

Mama Sabon Gari: Ina ta karantawa shiru tun safe. Tambaya ɗaya gare ni Maman 'Yan Biyu, kada ki ji haushi. Wannan takardar sunayen, har da mu? Kakana aikin reluwe ya kawo shi garin nan daga Kudu, a nan aka haifi babana, a nan aka haife ni, Hausa nake mafarki da ita. Amma da aka zo rabon tallafin korona a layinmu, mai rubuta suna ya dube ni ya ce "Madam ku ai ba 'yan nan ba ne." Taliya ce da shinkafa mudu biyu, ba su ne suka dame ni ba. In mota za ta tsaya tambayar asalin mai naƙuda, ku faɗa mini tun yanzu.

Maman 'Yan Biyu: Subhanallah. Mama, wallahi har da ku, kuma ke za ki riƙe mana ɓangaren Sabon Gari in kin yarda. Ɗaya daga cikin samarin da suka ba da jini a daren nan ma ɗan coci ne, ledar ba a rubuta mata addini ba.

Baba Alhaji: 'Yata ta Sabon Gari, ki yi haƙuri, abin kunya ne a gare mu. Ku yara ba ku san yadda aka yanka garin nan ba. Bature ya ware wa kansa unguwa, ya bar fili tsakaninsa da baƙar fata, yadi 440 a dokarsu, wai don kada sauron da ya cije mu ya cije shi. Da sunan kiwon lafiya aka yi wariyar, ku lura. Ya ajiye mutanen Kudu a Sabon Gari, 'yan Arewa baƙi a Tudun Wada, mu 'yan birni a cikin ganuwa. Ya tafi ya bar mana layukan, mu kuma muka riƙe su kamar gadon uba. To Malam, ka ga launin fatan da ka ce babu, shi ya shata mana unguwanni.

Kuma masu cewa fafutukar mata baƙuwa ce, asibitin da ke Ƙofar Gayan sunan wa yake ɗauke da shi? Hajiya Gambo Sawaba. Mahaifinta mutumin Gana, mahaifiyarta Banufiya, an yi mata aure tana shekara 13. Ta shiga NEPU, ta yi yaƙi da auren ƙananan yara, ta nema wa matan Arewa ƙuri'a, aka ɗaure ta sau 16. Na gan ta da idona, ba labari ba. Da tana raye ranar da aka haska wa matar nan tocila, da shingen nan bai kwana ba. Yau a asibitin da ke da sunanta ake ɗinke masu yoyon fitsari, waɗanda doguwar naƙuda ta lalata. Kowace ɗaya a cikinsu wata mota ce da ba ta zo da wuri ba.

Baban Tasha: Na dawo. Ranka ya daɗe Baba, Allah ya ƙara girma. Ni ba ni da tarihi, ga abin da na sani. Ƙungiyarmu ta direbobi ta taɓa yin irin wannan a wasu jihohin Arewa, a koya wa direba yadda zai ɗauki mai naƙuda, a ba shi alama a gilashi, kuɗin mai kawai ake biyansa, in ya dawo tasha a ba shi lodi ba layi. Ya yi aiki. Abin da ke kashe shi uku ne, kuma gara ku ji tun yanzu. Mai: da dare ba gidan mai, dole a ajiye galan a gidan wani. Shinge: lokacin kulle hukumar kare haƙƙin ɗan Adam da kanta ta ce jami'an tsaro sun kashe mutum 18 cikin makonnin farko. Ba direban da zai fita ƙarfe biyu sai da takarda mai hatimi wadda na kan titi ya san da ita. Na ukun ya fi duka wuya. Sau biyu ina zuwa ƙofar gida a ce maigida ba ya nan, ba a yi izini ba, mace tana ciki tana zubar da jini. Na zauna a mota ina jin kukanta. Wannan ba ni da maganinsa.

Amaryar Gyallesu: Wannan na ukun shi ne tsorona. Nawa yana Legas, wayarsa rabin lokaci a kashe.

Malam na Ƙofar Doka: Wannan nawa ne, ku bar mini. Babu malamin kirki da zai ce a bar rai ya salwanta ana jiran izini, lalura ce. Amma don a huta da gardamar tsofaffi a tsakar gida, kowane magidanci ya yi izininsa tun cikin yana ƙarami, a gaban mahaifiyarsa da maƙwabci ɗaya: duk sa'ar da abu ya taso a fita da ita. Zan faɗa a karatun bayan magariba, zan kuma yi wa limaman Juma'a biyu da muke shiri magana. Amarya, ki turo mini lambar mijinki ta hannun admin, ni zan kira shi.

Ɗan Samaru: To yanzu an bar maganar riga-kafi da manyan ƙasashe ke nan? An koma galan ɗin mai?

Sista Mai Ritaya: Ba a bari ba, kai ne za ka rubuta mana takardar, tunda alƙalaminka da kaifi. Amma shafi ɗaya, ba lacca ba. Kofi ɗaya ga hakimi, ɗaya ga ƙaramar hukuma, ɗaya ga babban ɗan sanda na yanki, ɗaya ga kwamitin lafiya na mazaɓa, wanda yawancinku ba ku ma san yana nan ba alhali kujerunsa na jama'a ne. A nemi abu huɗu kawai, ni zan faɗa maka su a waya. Na biyar ɗin ba na takarda ba ne: duk wadda za a kai, a haɗa ta da mace mai baki, wadda za ta tsaya ta ce "ku duba ta, ta ce ba daidai take ji ba," ba tare da zagi ba. Ni zan koya wa mata goma alamomin haɗari, jini, kumburi da ciwon kai mai kawo jijjiga, naƙudar da ta kwana ta wuni. Likitocin jami'ar nan sun taɓa gwada raba ƙwayar misoprostol ta tsayar da jinin bayan haihuwa a ƙauyukan kewayen Zariya ta hannun ungozomomi da mutanen gari, kuma mata sun karɓa. Amma wannan sai da ma'aikatan lafiya, kada wata ta je kemis ta saya ta sha da ciki, tana iya fasa mahaifa.

Antin Ingila: Galan ɗin farko da na biyu a kaina. Amma kuɗin kada ya zauna hannun mutum ɗaya, mun ga yadda adashin bara ya ƙare a gidan nan, ban kama suna ba.

Admin: Anti a bar tone-tone don Allah 😅 Asabar bayan la'asar, makarantar Islamiyyar layin su Maman 'Yan Biyu, kowa da takunkuminsa, ga hazo ga tari. Masu ba da jini ku turo mini rukuninku a keɓe, kada a sa a nan. Wanda bai san nasa ba Sista ta ce za ta shirya gwaji.

Yaro Mai Waya: Ni O ne. Allurar ce ban yarda ba tukuna, jini kam zan bayar.

Maman 'Yan Biyu: Allah ya saka wa kowa. Abin da ban faɗa ba tun farko, don ban nemi izininta ba sai yanzu da na leƙa: matar nan tana da ciki wata bakwai. Aiki aka yi mata wancan karon, Sista kin san me wannan ke nufi, ba ta haihuwar gida. Na karanta mata saƙonninku tana tankaɗe. Ta ce a rubuta sunanta na farko, kuma a tambayi direban ko yana da haƙurin jiran mutum ya ɗauko zane.

Baban Tasha: Ki ce mata ta haɗa jakar tun yau ta rataye bayan ƙofa. Layin naku wanne ne, mai kwatar nan da ta karye a baki? In shi ne mota ba ta shiga, sai dai in tsaya wajen mai shayi. Gobe in na yi lodin farko zan biyo in duba.